Ɗauko Yaya Modu da Mota Marar Fitila

Tun da na dawo daga Kolori ban huta da tambaya ba. A makaranta malamai 'yan'uwana su tare ni a ofis, a unguwa a tare ni a bakin masallaci, kowa so yake ya ji yadda na ƙetare ruwa da wannan tsohuwar motar tawa. Labarin har ya fara canza kama a bakin mutane, don shekaranjiya wani ya ce mini ya ji an ce fitilar ƙwai na rataya a gaban mota. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Motar ƙaramar bas ce mai kujeru bakwai, ta girmi babban ɗana. Na saye ta ne don kai iyali biki da ɗauko shinkafa daga 'yar gonata ta Auyo. Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare a nan Haɗeja, amma abin da na sani a jikin mota bai wuce sitiyari da birki da inda ake zuba mai ba.

Yaya Kulu kuwa ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mijinta, Yaya Modu, Babarbare ne, ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota kafin ya ajiye ya koma ƙauyensu, Kolori, can cikin fadama wajen iyakar Jigawa da Yobe. Wata biyu kafin wannan tafiya ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa kuma ta karye.

Ranar wata Talata bayan azahar Yaya Kulu ta kira ni. Muryarta tana zuwa tana yankewa.

"Habu, ruwa ya iso bayan gari. Malam kwana uku ke nan bai ci abinci ba, jikinsa zafi rau. In ba ka zo yau ko gobe ba, sai dai jirgin ruwa, shi kuwa ba zai iya zaman jirgi ba."

Ban tsaya ko cin abinci ba. Na faɗa wa maiɗakina, na shimfiɗa katifa a bayan mota, na kama hanya. A lissafina kafin magariba ina Kolori.

Ina gab da Kirikasamma hadari ya haɗo, gari ya yi duhu, na kunna fitila. Akwai wata motar itace a gabana, sai na lura hasken da ke dukan bayanta yana rawa. Duk ramin da na faɗa sai ya ɗauke ya dawo. Gaskiya na fi mako ina ganin alamar haka a cikin gari, ina cewa gobe zan kai ta.

Na tsaya wurin wani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, a ƙarƙashin bishiyar maina. Mutum ne mai son hira. Kafin ya taɓa motar sai da ya ba ni labarin jingar da ta ɓalle a garin surukansa da irin ɓarnar da tsuntsaye suka yi wa shinkafa bara. Ni kuwa ina tsaye ina sauya ƙafa, ina duba agogo. Daga ƙarshe ya zare ƙwan fitilar hagu, ya ɗaga shi sama, ya nuna mini ya yi baƙi. Ya sa sabo, ya saki bonet da ƙarfi, fitilu biyu suka kama fes.

"Ƙwai ne, Malam."

Na ce, "To, in ƙwai ɗaya ne ya mutu, me ya sa duka biyun suke rawa?"

Ya yi dariya yana goge hannu. "Malam, kai da alli, mu da waya. Allah ya kiyaye hanya."

Ban so amsar ba, amma na fi son in tafi, sai na tafi.

Inda kwalta ta ƙare aka shiga burji, wata dattijuwa ta ɗaga mini hannu. Ta dawo daga sayar da bandar kifi, da kwalayenta guda uku fanko amma cike da ƙauri. Sunanta Ya Falmata. Ta ce garinsu yana kan hanyata. Tun da ta shiga ba ta yi shiru ba, kuma ba don ita ba da na kafe sau uku. "Bi dama, ɗana. A'a, wannan kwarin ba shi da zurfi, wancan mai kwanciyar hankalin shi ne mugu." Hanyar tudu ce siririya, ciyawar kacala ta fi mota tsawo hagu da dama, ruwa yana leƙowa ta ƙarƙashinta. Sau biyu muka ratsa ruwa har rabin taya. Gudun da na yi niyyar yi ya koma rarrafe.

Rana tana faɗuwa muka iso abin da suke kira iyaka. Ban ga allo ba, ban ga gini ba, igiya ce kawai aka ɗaure tsakanin ganga da kututture, da jami'ai biyu a kan benci. Babban cikinsu ya zo ya leƙa, ya gaisa da Ya Falmata da Barbarci, ya dube ni.

"Malam, kunna fitilarka mu gani."

Na murɗa. Ba komai. Na sake murɗawa, cikin ruɗewa na kunna abin goge gilas, ya shiga kai da kawo a busasshen gilas. Na fita na buɗe bonet na sake shi da ƙarfi kamar yadda na ga mai wayarin ya yi. Har sau uku. Shiru.

"Ba zan sauke igiyar nan ba," in ji shi.

Na yi masa bayanin marar lafiya, na roƙe shi, har muryata ta fara tashi. Bai yi fushi ba. Ya nuna mini gaba da baki, inda ruwa ya hau kan hanya ya kwanta, an kakkafa sanduna gefe da gefe.

"Ka ga sandunan can? Su ne bakin hanya. Taku ɗaya bayansu ruwa ya fi ƙarfin mutum. Makon jiya a-kori-kura ta faɗa, da fitilarta ma. In ka faɗa, wa zai ɗauko marar lafiyar naka?"

Ya Falmata ta riga ta sauke kwalayenta. "Taho, ɗana. Ga garinmu nan kusa, Bulama mai garin kuwa ƙanin mijina ne."

Haka na kwana a garin da ban taɓa jin sunansa ba, alhali tafiyar da ke tsakanina da Kolori ba ta fi awa guda ba in hanya lafiya. Mu a Haɗeja muna ganin mun iya gaisuwa, amma a can na san ba mu fara ba. Bulama ya zauna, na zauna, ya shiga tafa hannu a hankali yana jero gaisuwa, in na ɗauka an gama sai a koma farko. Ba wanda ya tambaye ni abin da ya kawo ni sai da aka ajiye mini akushin burabusko da miyar kifi, man shanu yana yawo a kai. A gida kifi ɗaya ake yankawa a raba wa mutum huɗu. A can tarwaɗa biyu aka jibge mini ni kaɗai, aka kuma kawo kaskon turaren wuta aka ajiye kusa da ƙafata, wai haka ake yi wa baƙo. Abincin ya yi daɗi, amma loma biyar na iya. Na fita na hau tudu ina ɗaga waya sama ko zan sami Yaya Kulu, ban samu ba. Na koma motar na murɗa makunnin fitila, kamar za ta canza ra'ayi. Sauron garin kuwa bai san da gidan sauro ba. Ba zan ce na yi barci ba.

Da asuba bayan salla na ga mutane sun taru a bayan masallaci suna kallon wata sanda da aka kafa cikin ruwa, an yi mata tsaga-tsaga da wuƙa. Bulama ya durƙusa ya auna da yatsu.

"Huɗu ya ƙaru tun jiya," in ji shi. "Malam, yau motarka za ta wuce. Da daddare ma za ta wuce da ƙyar. Gobe kam kada ka sa rai."

Na ratsa wurin sandunan da hantsi, ruwa yana lasar ƙasan ƙofa. Na ɗauka na tsira, ashe da saura. Can gaba kwalbati ya rufta cikin dare, hanya ta rabe biyu. Mutanen ƙauyuka biyu suna cika buhuna da ƙasa suna jerawa. Ba hanyar zagaye. Na yi ta safa da marwa har wani tsoho ya miƙo mini shebur ya ce, "Malam, tsayuwar nan taka ba ta cika buhu." Na tuɓe riga na shiga cikinsu. Azahar ta yi, ta wuce. Sai bayan la'asar na shiga Kolori, tafin hannuna duk ya yi bororo.

Na tarar da Yaya Modu kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa. Mutumin da a da in ya riƙe hannuna da wasa sai na yi ƙara, yanzu wuyansa bai fi damtsena ba. Shi ne mai tsokanata duk zuwa, yana cewa ƙaninsa malamin kimiyya ne amma ko ƙusa bai iya bugawa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, leɓensa ya motsa, wani sauti ya fito wanda ban gane ba.

'Yan'uwansa suka kewaye ni. Na faɗa musu halin da ake ciki: yadda hanyar ta lalace, komawa iyaka awa uku ce in an yi sa'a, rana kuwa saura awa biyu, kuma wurin sandunan can ƙarshe yake, inda duhu zai same mu. Kowa ya kawo tasa. Wani ya ce a ɗaure tocila biyu a bonet. Wani ya ce babur ya shige gaba, aka ce babur ba zai ratsa wannan ruwan ba. Wata gwaggonsa ta ce a bar shi kawai, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce lokacinsa. Duk a kansa muke tsaye muna wannan magana.

Sai muka ji ƙarar kwano. Yaya Modu ne yake dukan kwanon sha da hannun hagu. Ya yi wani gurnani, ya nuna ƙofar gida.

Yaya Kulu ta sunkuya ta saurara. "Wai a kai shi wurin motar."

Na ce, "Yaya, ba mu da lokaci."

Ya sake dukan kwanon, har ruwan ya zube.

Mutum huɗu suka ɗauke shi da tabarmar, aka zaunar da shi a kujera yana fuskantar gaban mota, aka tokare shi da matashi. Na buɗe bonet. Ya daɗe yana kallon cikin injin, sannan ya nuna da yatsa.

Yaya Kulu ce tafinta, ita kuwa ba ta san sunan komai ba. "Wai ka buɗe ɗan baƙin akwatin nan." Na buɗe, ashe gidan fis ne. Ya sa na zaro biyu, na ɗaga su saitin rana, ya matso da fuska ya duba. Lafiyarsu ƙalau. Ya nuna wasu 'yan dunƙulallun abubuwa masu ƙafafu a gefe, waɗanda daga baya na ji ana kiransu rile. Ya nuna ɗaya, ya nuna fitila. Ya nuna ɗaya, ya danna tafin hannunsa a iska kamar mai matsa oda. Ya juya yatsu biyu. Na gane so yake in musanya su. Na musanya, na matsa oda, ta yi ƙara har awaki suka watse. Na kunna fitila, ba ta kama ba, ke nan ba rile ne ya lalace ba. Ya gyaɗa kai, ba alamar damuwa, kamar abin da yake jira ke nan.

Ni kuwa na dubi rana. Inuwar motar ta riga ta kai jikin katanga. Na ce, "Yaya Modu, mu tafi haka, in ya so ko da tocila ne." Na kai hannu zan rufe bonet. Ya cafke wuyan hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Bai sake ni ba sai da na dube shi.

Ya sa na bar fitilar a kunne na leƙa gaban sitiyari. Ya yi ta nuni, Yaya Kulu tana cewa, "Wai me ka gani?" Da farko ban ga komai ba. Da na kare hasken rana da hannu, sai na ga 'yar kibiyar nan ta sigina ta kama dishi-dishi, alhali ban taɓa sigina ba. Na faɗa masa. Idanunsa suka buɗe. Ya sunkuyo har ya kusa faɗowa daga kujera, ya shiga dukan ƙasa da tafin hannu.

Gwaggon nan ta ce, "Innalillahi. Ƙasa yake nunawa. Cewa yake ƙasa tana kiransa." Yaya Kulu ta toshe baki da gefen mayafi, hawaye suka zubo mata.

Ban taɓa ganin fushi irin wanda na gani a rabin fuskar nan ba. Ya daki ƙasa, ya ɗago ya daki ƙarfen motar, ya nuna batir, ya zana da'ira a iska. Ya sake yi: fitila, ƙarfe, batir, da'ira.

A nan kunya ta kama ni. Shekara goma sha tara ina zana wannan da'irar a allo, ina gaya wa yara cewa wuta ba ta tafiya sai tana da hanyar dawowa. A mota ƙarfen jikinta ne hanyar dawowar, shi ne makanikai suke kira at. Wuta tana isa fitila, ta rasa ta inda za ta koma, shi ya sa take ɓuya ta bi ta wayar sigina.

Na ce, "Yaya, share hawayenki. At yake nufi, ba kabari ba."

Aka ciro waya daga jikin 'yar solar Yaya Kulu. Na fere bakinta biyu da haƙori. Ya nuna mini kan batir mai alamar ragewa, ya nuna baƙar wayar da ke bayan ƙwan fitila. Ina haɗa su haske ya bugi gaban rigarsa. Wani a bayana ya ce, "Ta kama." Shi bai ko ɗaga kai ba. Ya sa na bi baƙar wayar da yatsa, ta shige ƙarƙashin mazaunin batir, inda ta ƙare a wani noti da ya yi kore da tsatsa. Ina taɓa shi ya motsa. Shi ya sa duk rami fitila take rawa, shi ya sa sakin bonet ya tashe ta jiya, ruwan hanya kuma ya ƙarasa ta.

Yaya Kulu ta shiga ɗaki ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Sifanoninsa ne na zamanin tuƙi, kowanne a naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Ya zaɓi ɗaya ba tare da ya duba lamba ba, ya shiga daidai. Na kwance notin, na goge shi da dutsen wasa wuƙa har ya yi fari, na kankare jikin motar, na ɗaure. Sau biyu yana sa ni in ƙara ɗaurewa. Na cire wayar aro, na kunna. Duka biyun suka kama. Ya sa wani ƙato ya hau bayan mota ya yi ta girgiza ta, ba su ƙifta ba.

Rabin bakinsa ya ɗaga. Ya nuna ni, ya dubi mutane, ya faɗi wani abu mai tsawo. Yaya Kulu ta yi dariya cikin hawaye, ta ƙi fassarawa.

Da aka zo sa shi a katifar baya ya ƙi. Ya riƙe ƙofar gaba. Dole muka zaunar da shi kusa da ni, aka ɗaure shi da kujera da zanen Yaya Kulu. Ita ta shiga baya da buhun gero ɗaya da ƙullin kaya, ta bar wa maƙwabciya awakinta, tana ta juyowa tana kallon gidan.

Mun yi magariba a bakin kwalbatin da muka cike. Daga nan duhu ya rufe. Hasken fitila ya cika da ƙwari, kwaɗi suna tsalle a hanya, ni kuwa duk ramin da na faɗa ina jiran haske ya ɗauke. Bai ɗauke ba.

Wajen isha'i muka iso wurin sandunan. Na taka birki. Da safe tsawonsu ya kai ƙirjina a saman ruwa, yanzu na ga sun gajarce, biyu ma sun kwanta. Ruwan yana gudu daga hagu zuwa dama, ciyawa tana wucewa ta cikin haske. Can ƙetare tocilar jami'an tana lilo.

Na ce, "Yaya Modu, in shiga?"

Ya daɗe yana kallon ruwan. Ya dubi sandunan dama, ya dubi na hagu. Sannan ya ɗora hannunsa a kan nawa bisa giya, ya tura ta zuwa ta ɗaya, ya bar hannun a wurin. Muka shiga. Duk lokacin da na so in ƙara wuta sai ya matse yatsuna, in na sassauta da yawa sai ya ɗan girgiza su. Ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa ya jiƙa mana ƙafafu. Yaya Kulu tana karanta duk addu'ar da ta sani. Na ƙirga sanduna har na ɓace a lissafi, sai kawai na ji taya ta kama busasshiyar ƙasa.

Jami'in jiya ya sauke igiya tun kafin mu iso. Ya haska Yaya Modu, ya ce, "Sannu, Baba. Allah ya ba da lafiya." Ya dube ni. "Wa ya gyara maka?"

Na nuna masa. Ya ɗauka wasa nake yi.

Kwana tara Yaya Modu ya yi a asibiti. Ashe wani gyambo ne a bayansa, na kwanciya, ya ruɓe ya kawo zazzaɓin. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu ko uku da ya shiga jini. Hanyar Kolori kuwa washegarin fitowarmu ta yanke, har yau sai jirgi. An aiko mana cewa ɗakin baya da rumbu sun faɗi, awakin suna nan a tudu. Yanzu Yaya Modu da Yaya Kulu suna gidana. Ana kai shi asibiti gashin ƙashi sau biyu a mako, ya fara tsayawa da sanda, maganar dai ba ta dawo ba.

A daren da muka isa asibitin, ma'aikata sun fito da gadon turawa, sai muka ga barci ya ɗauke shi a kujera, kansa a jikin gilas, hannunsa har lokacin yana kan giya. Na kai hannu zan kwance zanen. Yaya Kulu ta dafa kafaɗata daga baya.

"Ɗan ba shi minti biyu, Habu," in ji ta. "Wata biyu ke nan kowa ni yake tambaya yaya jikinsa, yana kwance yana ji. Yau ne aka fara tambayarsa wani abu."

Na kashe injin, muka zauna muna jira, ma'aikatan suna tsaye da gadonsu.